Yadda ake samun rangwamen mazauna a jirgin ruwan shaƙatawa, da wanda ya cancanta

Jama'a wanga bayani na waɗanda suke sha'awar irin manyan jiragen ruwan nan ne da ake shiga a yi kwana uku ko mako guda ana yawo bisa teku, ga ɗakin kwana ga abinci, jirgi ya tsaya wagga ƙasa yau gobe ya tsaya waccan. Yanzu 'yan Sakkwato sun watsu, akwai likitocinmu da malaman jinya a Saudiyya, akwai ɗalibai da ma'aikata a Amurka da Ingila, akwai 'yan kasuwa masu zama Dubai, to su suke turo ma 'yan'uwa hoton farashi su ce ga araha ta samu, kai kuma in ka duba daga nan gida sai ka ga wani farashi daban ka ɗauka cuta ce. Sau da yawa ba cuta ba ce, rangwamen mazauna ne, wato ragin da kamfani yake yi ma mutanen da suke zaune a wata jiha ko wata ƙasa kaɗai.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne wanga ragi ba ruwanshi da asalinka. Mu nan mun saba da takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, mutum an haife shi Legas bai taɓa kwana Gwadabawa ba amma tunda ubanshi ɗan can ne sai ya karɓo takarda ya ci gajiyar 'yan jiha. To su akasin haka suke yi, ba su tambayar ina kakanka ya fito, ba su ma damu da launin fasfonka ba, tambayarsu ɗaya ce, ina kake zaune yanzu kuma wace takarda ce ta nuna haka. Basakkwacen da yake aiki a jihar Filorida ta Amurka da lasin tuƙin jihar ya cancanci ragin mazauna Filorida ko da koren fasfonmu yake riƙe da shi, Ba'amurken da yake zaune Abuja kuwa bai cancanta ba.

Mi ya sa kamfani zai yi ma wasu ragi ya bar wasu? Jirgi in ranar tashinshi ta zo sai ya tashi, ko ɗakuna sun cika ko ba su cika ba, mai da albashin ma'aikata duk ɗaya ne, kuma ɗakin da ya tafi babu kowa asara ce biyu, an rasa kuɗin ɗaki an rasa abin da fasinjan zai kashe cikin jirgi, shaguna da yawon gari da intanet da sauransu. To in lokaci ya matso ga ɗakuna sun rage, wa zai iya yanke shawara yau ya shiga jirgi bayan mako uku? Sai wanda tashar take kusa da gidanshi, ya shiga mota ya isa ba sai ya nemi tikitin jirgin sama ko biza ba. Shi ya sa mutanen Filorida suka fi kowa ganin irin wanga ragi, don manyan tashoshin suna jiharsu, Miyami da Port Canaveral da Fort Lauderdale da Tampa, su kuma mutanen Tekzas suna da Galveston. Kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival da Disney Cruise Line duk suna fitar da shi lokaci zuwa lokaci. Kuma da gangan ba su karya farashin ga kowa da kowa ba, don in sun yi haka waɗanda suka biya da tsada tun watanni shida baya za su taso musu.

To ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka zauna ka tantance a ina kake zaune a takarda. Wanga ne wurin da mutanenmu suka fi ruɗewa don haka bari in daɗe a kai. In kana Sakkwato, aikinka nan iyalinka nan, kai mazaunin Najeriya ne, shi ke nan, kuma babu wani babban kamfani da yake ɗibar fasinja daga Legas a kai a kai balle ya ware ma mazauna Najeriya ragi na kusa da tasha. In kana Saudiyya da iƙama kai mazaunin Saudiyya ne, amma bizar Umara ba iƙama ba ce ko da ka yi wata uku a Makka. In kana Dubai ko Abu Dabi da katin shaidar zama na Daular Larabawa to kai mazauni ne, wanda yake shiga saro kaya ya fito da bizar ziyara kuwa baƙo ne komai yawan zuwanshi. Hajiyar da ta tafi Amurka wankan jegon ɗiyarta ta yi wata huɗu, ita ma baƙuwa ce. Ɗalibi mai izinin zama na karatu da adireshi da katin shaidar wurin yawanci shina shiga cikin mazauna, sai dai ya karanta sharaɗin kamfanin don kowa da irin takardar da yake karɓa.

A Amurka ma abin jiha jiha ne, zama a Amurka kaɗai bai isa ba. Ragin da aka fitar ma mutanen Filorida wanda yake zaune Merilan ba shi da rabo a ciki, sai in an sa jiharshi cikin jerin.

Mataki na biyu shi ne wanda zai fi amfanar mu da muke gida. A yawancin kamfanonin nan ba dole kowa da ke cikin ɗaki ya zama mazauni ba, mutum ɗaya baligi in ya cancanta ragin shina hawa kan ɗakin gaba ɗaya. Ke nan in ƙanenka shina Filorida ya ce Yaya taho mu yi hutu, kuka kama ɗaki ɗaya da sunanka da nashi, ka ci ragin halal ɗinka ba ka yi ma kowa ƙarya ba. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya ɗakin da yake ciki kaɗai ragin yake hawa, in kun kama ɗaki uku, iyaye ɗaya, kai da matarka ɗaya, shi da matarshi ɗaya, to sai an samu mazauni a kowane ɗaki, kuma a nan ne ake dabarar raba sunaye, shi a rubuta shi tare da Baba, matarshi in ita ma mazauniya ce a rubuta ta tare da Inna. Na biyu kuma dole ya shiga jirgin da ƙafarshi, in aka sa sunanshi don a ci ragi sai ranar tafiya ya ce aiki ya riƙe shi, kamfani na da damar maida farashin ɗakin na kowa da kowa ya ce a cika. Wagga ƙa'ida ta mutum ɗaya ba ta kowane kamfani ba ce, a duba ta a rubuce kafin a biya ko sisi.

Mataki na uku, neman farashin. A shafukan kamfanonin na Amurka, bayan ka zaɓi jirgi da rana da yawan mutane, akwai wurin da ake tambayar jihar da mutum yake zaune, kusa da shi kuma ana tambaya ko akwai mai shekara 55 zuwa sama, ko soja, wani lokaci har ɗan sanda da ɗan kwana-kwana. In ba a cika wurin ba ragin ba zai fito ba, kuma ko an cika ba kowace tafiya take da shi ba, ɗakuna ƙidayayyu ake warewa in sun ƙare sun ƙare. An fi ganinshi lokacin da kasuwa ta yi sanyi, misali bayan yara sun koma makaranta a watan Satumba da Oktoba, wanda kuma ya faɗo tsakiyar lokacin guguwar tekun Atilantika da ake lissafawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ka ga arahar da dalilinta, jirgi kan canza hanya ko ya tsallake wani tsibiri saboda iska. Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun bazararsu kar ma ka sa rai sosai.

Wajen Amurka kuma abin ya fi zuwa da wata siga, farashi ne ƙasa ƙasa. Kamfani ɗaya jirgi ɗaya ɗaki ɗaya amma shafinsu na Ingila da kuɗin fam daban, na Afirka ta Kudu da kuɗin rand daban, na ƙasashen Larabawa daban, har abin da aka haɗa cikin farashin yakan bambanta. Kamfanin MSC misali shina ajiye jirgi a Durban da Cape Town na Afirka ta Kudu lokacin zafinsu, wajen Nuwamba zuwa Afrilu, ana zuwa gaɓar Mozambik, haka kuma a shekarun baya lokacin hunturunmu jiragen MSC da na kamfanin Costa sun riƙa yin zagayen Dubai da Abu Dabi da Doha. Saudiyya ma ta buɗe nata kamfani, AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ni a ganina ga Alhajin da zai tafi da iyali nan ya fi dacewa a fara dubawa, don an gina abin ne da Musulmi a zuciya, ba sai kana bin ma'aikacin kicin kana tambayar wane nama ne wanga ba. A sauran jiragen in kana son abincin halal sai ka sanar tun wajen kama ɗaki, ba ranar da ka shiga ba.

Akwai masu ba da shawarar wai ka kunna manhajar ɓoye wuri wayarka ta nuna kana wata ƙasa, ka sa adireshin wani aboki ka saye da araha. Kar ka yi. Da yawan kamfanonin sun rubuta cewa farashin kowace ƙasa na mazaunanta ne, kuma suna da damar soke tafiyar ko su nemi cikon kuɗi, ga shi fasfonka da katin bankin da ka biya da shi duk suna faɗin inda ka fito. Ban da ma haka ƙarya ce, ka ɗauki iyali zuwa hutu da kuɗin da ka rage ta hanyar ƙarya, ina daɗin. Mazaunin Najeriya hanyarshi ita ce shafin kamfanin na ƙasashen waje gaba ɗaya, ko ejan mai rajista da yake hulɗa da kamfanin, kuma in ta ejan ka bi ka ce ya ba ka lambar bukin, wato lambar shaidar kama ɗaki, ta kamfanin kanshi ka shiga shafinsu ka ga sunanka da idonka kafin ka cika kuɗi.

Mataki na huɗu, lissafi, kuma wallahi nan ne ake gane ko ragin ragi ne ko suna ne kawai. Farashin da kake gani na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, in kai kaɗai ne sau da yawa sai ka biya kusan na mutum biyu. Sannan kuɗin kashi uku ne, akwai kuɗin ɗaki, akwai haraji da kuɗin tashoshi, akwai tukuicin ma'aikata da ake sa ma kowane fasinja kullum, wanda a manyan kamfanonin Amurka yake kamawa wajen dala 16 zuwa 20 a rana. Ragin mazauna kuɗin ɗaki kaɗai yake taɓawa, haraji da tukuici suna nan daram. Tun 1 ga Yulin 2024 da wata dokar jihar Kalifoniya ta fara aiki manyan kamfanonin suka koma nuna farashi haɗe da haraji a shafukansu na Amurka, to ka buɗe bayanin ka ga yadda aka rarraba, kar ka kwatanta farashi mai haraji da marar haraji ka ɗauka ka tsinci dami a kala.

Bari in ƙirƙiro misali don a gane, lambobin nawa ne ba na wani kamfani ba. A ce tafiyar kwana 7, kuɗin ɗaki dala 700 kowane mutum, haraji 150, tukuici 18 sau 7 ya ba da 126, jimla 976. Aka ce mazauna an rage musu kashi 10, wato dala 70, ka koma biyan 906, ka ga a kan jimla ragin bai wuce kashi 7 da ɗan ɗoriya ba. Yanzu a ce a makon nan kamfanin ya fitar da garaɓasar kowa da kowa cewa mutum na biyu rabin kuɗi zai biya, ku biyu kuɗin ɗakinku 700 da 350 ya zama 1,050, alhali da ragin mazauna 630 sau biyu ne, 1,260. Garaɓasar da ba ta neman takardar komai ta fi da dala 210. Kuma yawanci ba a haɗa biyun, ɗaya za ka zaɓa, haka ragin masu shekara 55 ma ba kasafai ake ɗora shi kan na mazauna ba. Don haka kowace tafiya ka duba ta sau biyu, da jiha da kuma ba jiha, irin ɗaki ɗaya, don ɗakin ciki marar taga da mai taga da mai baranda kowanne farashinshi daban kuma ragin kan tsaya ga wani iri ya bar wani.

Ka ƙara da karanta sharaɗin kafin alƙalami. Farashi mai araha sau da yawa kafin alƙalaminshi ba a maidowa in ka fasa, wani kuma ɗakin ma ba kai za ka zaɓa ba su za su ba ka inda ya rage, kana iya samun kanka ƙarƙashin wurin kiɗa. Cikon kuɗi ana biyanshi wajen kwana 75 zuwa 120 kafin tashi gwargwadon kamfani da tsawon tafiya, in kuwa ka kama ɗaki bayan wannan wa'adi ya wuce, wanda shi ne lokacin da ragin mazauna ya fi fitowa, to duka kuɗin za ka biya nan take kuma fasawa asara ce babba.

Mataki na biyar, biza da hanya, wanga namu ne mu masu koren fasfo. Ragin da ya fito saura mako uku jirgi ya tashi an yi shi ne don mai shiga mota ya isa tasha, kai kuwa daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku sai ka sauka Abuja ko Legas, ko ka bi ta Kano in Jidda ka nufa, sannan ka kama na waje, kuma tikitin gaggawa kaɗai ya isa ya cinye ragin har ya nemi ƙari. Ga biza, ba ta ƙasar da jirgin zai tashi kaɗai ba, kowace ƙasa da zai tsaya sai ka bincika ko tana neman biza ga ɗan Najeriya, ko da ka ce ba za ka sauka ba, don ana iya hana ka shiga jirgin tun farko. In jirgin zai fita Amurka ya dawo Amurka, ko ya fita ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ya sake shiga, biza mai shiga sau da yawa ake nema, kuma ka san tun 2025 dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun ƙara tsanani. Kamfani ba ya maida kuɗi don an hana ka biza. Shawarata kar ka biya farashin da ba a maidowa sai biza tana hannu, fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. In ɗan'uwanka mazaunin can ne zai biya da katinshi ya fi sauƙi, don katin naira shina da iyakar abin da zai iya biya a waje, in ba haka ba sai asusun dala.

Mataki na shida, takardun shaida. Wanda ya cancanta ya tanadi katin da gwamnati ta ba shi mai hoto da adireshi, a Amurka lasin tuƙi na jihar ko katin shaidar jiha, a Saudiyya iƙama, a Daular Larabawa katin zama. Ya duba bai mutu ba kuma ba zai mutu kafin ranar tafiya ba. Wanda ya yi ƙaura kwanan nan daga wata jiha bai canza lasin ba ya je ya canza, don wasu kamfanoni suna karɓar takardar biyan wuta ko ta haya a haɗa da katin shaida, wasu ba su karɓa. Sunan da ke katin ya yi daidai da na bukin harafi da harafi, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu, da Bello a gaba a wata takarda a baya a wata, wanga ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kamfanoni tun bayan kama ɗaki suke cewa a turo hoton shaidar cikin 'yan kwanaki, in an yi sakaci su cire ragin, don haka a riƙa duba imel.

In ka riga ka kama ɗaki sai daga baya ragin mazauna ya fito, kira su ko ejan ɗinka ka tambaya ko za a maida ka sabon farashi. Kafin wa'adin cikon kuɗi ana dacewa wani lokaci, amma sau da yawa za su ce na sababbin masu saye ne kawai. Tambaya dai ba ta cin kuɗi.

Na ƙarshe ranar shiga jirgi. Ku isa garin tun ana gobe, jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samanshi ya makara. Ku je tasha tare da mazaunin, ku tsaya layi ɗaya don ɗakinku ɗaya, katin shaidarshi na ainihi a hannu ba hoto a waya ba, fasfo da biza da takardar bukin da ta nuna irin farashin da aka saya duk a ƙaramar jakar hannu, kar a sa su cikin akwati don akwatuna tun bakin ƙofa ma'aikata suke karɓewa sai yamma ka gan su a ƙofar ɗaki. Wani lokaci ma'aikacin ba zai ma tambayi shaidar ba, wani lokaci zai tambaya, in ya tambaya babu to ko a biya bambancin a farashin ranar, wanda yakan fi na lokacin da kuka saya tsada, ko a hana shiga kuma kuɗi ba su dawowa. Saboda haka ko takardunku sun cika a bar wani abu a kati, dama kamfanin zai riƙe wani kaso a katin don kashe-kashen cikin jirgi, kuma in za ku sauka yawon gari a tashoshin da za a tsaya ku saita agogonku da na jirgi ba da na garin ba.